An ɗauke 'ya'yan ƙanwata a Ingila: ina ake kai su, me ke faruwa da su?

Yaya Babba, Zariya

Assalamu alaikum. Don Allah 'yan'uwa, musamman mazauna Ingila, ina neman wanda zai warware mini wannan al'amari yadda zan gane. Yau kwana goma sha ɗaya rabona da barcin kirki.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ta girma. Shekara uku ke nan da ta bi mijinta can. Shi yana karatu yana haɗawa da aikin kai kaya gida-gida, ita kuma tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. 'Ya'yansu biyu, Abba mai sunan mahaifinmu ɗan shekara tara, da Ummi 'yar shekara huɗu.

Ranar wata Talata ta dawo aiki da safe, idonta ko rintsawa bai yi ba, ta duba waya ta ga Abba ya yi amfani da katin bankinta ya sayi kayan wasan waya, a cikin kuɗin da ta ware na haya. Ta zare wayar caja ta tsula masa uku ko huɗu a cinya. Ba zan rufe muku ba, wurin ya tashi, ya yi shati. Washegari suna canza kaya a makaranta za su motsa jiki, malama ta gani ta tambaye shi, shi kuma ya faɗi gaskiya. Da ƙanwata ta je ɗaukarsu da yamma sai ta tarar da mata biyu da ɗan sanda suna jiran ta. Tun daga ranar yaran ba su sake kwana a gida ba, har Ummi da ko yatsa ba a ɗora mata ba.

Bayan kwana biyu aka kawo mata takarda, wai ta sa hannu ta yarda yaran su zauna a gidan wata mata kafin a gama bincike, in ta ƙi a tafi kotu. Ta sa. Sau uku aka bar ta ta gan su, a wani ɗaki mai kayan wasa, wata mata na zaune a gefe tana rubuta duk abin da aka ce. Ta ce kitson da ta yi wa Ummi ya tsefe, gashin ya cukurkuɗe, ba wanda ya taɓa shi. Abba kuwa kansa a ƙasa, ya ƙi haɗa ido da ita, sai da za a rabu ya ce mata, "Mama, ni na jawo ko?"

Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Abin da nake so in sani: su wane ne masu riƙon nan? Me ake ba yaran su ci? Wa zai ce wa Abba ya tashi ya yi salla? Gaskiya ne abin da nake ji cewa ana iya bayar da yaro ga wasu har abada, a canza masa suna? Ni da nake nan Zariya, akwai abin da zan iya yi, ko sai dai addu'a? Mijinta ya ce kada a gaya wa kowa, a rufa asiri har ƙura ta lafa. Ko Hajiyarmu ba ta sani ba, saboda hawan jininta.

Tafinta

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo sauƙi. Na yi shekaru ina aikin tafinta a kotunan iyali da ofisoshin 'yan soshiyal, wato ma'aikatan hukuma masu kula da walwalar yara, a arewacin Ingila, don haka na zauna a ɗakuna irin wanda kika kwatanta. Ni ba lauya ba ne, amma ga yadda abin ke tafiya.

Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Yara ta 1989. Ita ta ba ɗan sanda ikon ɗauke yaro ba tare da ya je kotu ba, amma na awa 72 kawai. Shi ya sa aka zo mata da takarda a kwana na biyu, lokacinsu ya kusa ƙarewa. Bisa yadda kika faɗa, takardar nan ta sashe na 20 ce, wato uwa ta ba da yaranta ajiya da yardarta. A ƙarƙashinta ikon iyaye bai fita daga hannunta ba, kuma tana da damar janye yardar. Amma don Allah kada ta janye da ka, cikin fushi, ba shawarar lauya, domin ranar da ta janye ƙaramar hukuma na iya garzayawa kotu. Ta nemi lauyan da ya ƙware a shari'ar yara gobe-goben nan. Da zarar an ba ta wasiƙar cewa ana shirin zuwa kotu, ko an shigar da ƙara, lauya kyauta ne gare ta da mijinta, ba a duba albashi, ba a duba irin bizar da suke da ita. Akwai kuma ƙungiyar Family Rights Group da ke ba iyaye da dangi shawara kyauta ta waya. Maganar 'yan sanda kuma daban take tafiya da ta kotun iyali, wannan ma tana bukatar lauya.

In aka je kotu, dokar 2014 ta ce a gama shari'a cikin mako 26, kodayake sau da yawa ana wuce haka. Alƙali zai naɗa wa yaran wakili nasu na kansu daga hukumar Cafcass, da lauyansu daban. A ƙarshe ɗaya cikin huɗu ne: a mayar da su gida ana sa ido, a ba dangi, a bar su a riƙon hukuma har su kai 18, ko a bayar da su ga wasu iyayen gaba ɗaya. Na ƙarshen nan shi kike tsoro, kuma gaskiya ne yana faruwa, ko iyaye ba su yarda ba. Sai dai Kotun Ƙoli ta ce a 2013 ba a yin sa sai in babu wata mafita sam. Yara sama da 80,000 ne a hannun hukuma a Ingila, kusan kashi biyu cikin uku a gidajen riƙo, amma waɗanda ake bayarwa ɗungurungum ba su fi kimanin 3,000 ba a shekara, yawancinsu ƙanana. Yaro ɗan tara da wuya. Ummi ce shekarunta ke cikin waɗanda ake duba wa wannan hanya, shi ya sa ba na so ku yi sanya.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Doka ta ce in yaro ba zai zauna da iyayensa ba, a fara duba dangi da makusanta kafin bare. Tun da wuri za a ce wa iyaye su kawo sunayen waɗanda za su iya riƙo, alƙali kuma yakan sa ranar rufe karɓa. A nan mutanenmu ke faɗuwa. Na ga uba ana tambayarsa ko yana da 'yan'uwa, ya ce ba shi da kowa, alhali ƙanen mahaifinsa na zaune a gari na gaba, don kawai kada labari ya kai gida. Bayan wata biyar ya zo da sunaye, aka ce an makara. Ki gaya wa surukinki ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke kanki ana iya tantance ki daga Zariya, akwai ƙungiyar CFAB da ke shirya irin wannan binciken a ƙasashen waje, sai dai yana cin watanni, don haka sunanki ya shiga tun yanzu. In akwai ɗan'uwa a cikin Ingila mai ɗakin da zai sa su, shi ya fi sauri.

Batun addini: ko kotu ta damƙa yaro a hannun hukuma, doka ta hana a raine shi a wani addini ba wanda da zai tashi a ciki ba, ta kuma hana a canza masa sunan uba ba da yardar iyaye ko izinin kotu ba. Wannan a takarda ke nan. A aikace sai uwa ta bi, ta rubuta, ta nanata a kowane zama. Ana zaman bitar halin da yaro ke ciki a cikin ranakun aiki 20 na farko, sai bayan wata uku, sai duk wata shida. Kada ta yarda ko ɗaya ya wuce ta.

Baban Khalifa, Kano

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan zalunci ne. Uwa ta hori ɗanta don ya taɓa kuɗi, shi ke nan sai a kwashe mata 'ya'ya? Wanene a cikinmu bai sha bulala ba, a gida da makarantar allo? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai shawarata, duk ranar da aka ba ta su ta sa su a jirgi ta kawo miki su Zariya, ta bar musu ƙasarsu.

Tafinta

Malam, na ji zafin da ka ji, amma shawarar jirgi tana iya hallaka maganar. In aka ji ƙishin-ƙishin iyaye na shirin fita da yara ana cikin bincike, nan take kotu ke sa a karɓe fasfo, kuma duk yardar da aka fara ginawa ta rushe. Maganar horo kuwa, a Ingila har yanzu doka ta bar ɗan mari na hannu da bai bar sawu ba, amma da zarar fata ta tashi babu wannan kariya, balle da waya ko bel. Sukotlan ta hana duka gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. Kuma tsananin nasu yana da tushe. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas daga Kwaddibuwa, Victoria Climbié, ta mutu a Landan a hannun 'yar'uwar kakanninta da ta ɗauko ta riƙo, bayan likitoci da 'yan sanda da 'yan soshiyal duk sun gan ta sun bar ta. Binciken mutuwarta ne ya haifar da Dokar Yara ta 2004. Malamar da ta ga cinyar Abba, da ta yi shiru aikinta ne zai shiga haɗari.

Hajiya Mai Riƙo

'Yar'uwa, sannu. Ni ina cikin matan da kike tambaya a kansu. Shekara bakwai ina riƙon yaran hukuma a gidana, goma sha ɗaya sun wuce ta hannuna. Kafin a amince da ni sai da aka yi wata shida ana shiga ana fita gidana, an binciki mijina, an tambayi 'ya'yana, an duba har inda nake ajiye magani da wuƙa. Ana biyanmu kuɗin kula da yaro duk mako, ba zan ce ba a biya ba. Akwai masu yi don Allah, akwai masu yi don kuɗin, kamar kowace sana'a.

Bari in gaya miki yadda daren farko yake. Waya ce za ta shigo da ƙarfe bakwai ko takwas na dare: akwai yara biyu, kina da wuri? Bayan awa ɗaya mota ta tsaya. Yaro ya shigo da kayan makaranta a jikinsa da jakar littattafai, ba buroshi, ba kayan barci. Ba sa kuka a daren nan, yawancinsu. Tsayawa suke a bakin ƙofar ɗaki suna kallon gadon. Wani yaro da aka kawo mini ya kwana da takalminsa a ƙafa har kwana huɗu, wai in mamarsa ta zo kada ya ɓata mata lokaci. Kukan sai a mako na biyu yake zuwa, galibi bayan an dawo daga ganin uwa.

Gidajen Musulmi masu riƙo sun yi kaɗan ƙwarai, na baƙar fata ma haka. In an ɗauke yaro da yamma, duk inda gado yake nan ake kai shi. Matar da ke riƙe da su Ummi mai yiwuwa ba mugunta ce ta sa ta bar gashin ba, ba ta taɓa riƙe matajin irin gashinmu ba ne, kuma tana tsoron taɓawa a ce ta yi laifi, don ko aski ba ma yi wa yaro sai an tambayi iyaye. To ƙanwarki ta ɗauki biro da takarda ta rubuta komai kamar mai barin sallahu: naman halal kawai, ga irin shagon da ake samu, ga abin da Ummi ke ci da safe, ga man da ake shafa mata, ga lokutan salla, ga addu'ar da take yi musu kafin barci. Ta haɗa da darduma da hula da ɗan bargon da yarinyar ta saba da shi. Ta ba ma'aikaciyar soshiyal mai kula da maganar yaran, ta ajiye kwafi. Ni in uwa ta aiko mini da irin wannan takarda, a jikin firij nake manna ta.

A ɗakin ganawa kuma, kada ta makara ko da minti biyar, kada ta fasa zuwa ko da aikin dare ta kwana. Ta zo da abincin gida in an yarda. Kada ta yi wa Abba raɗa, kada ta tambaye shi me ya gaya wa malama, duk ana rubutawa. In tana so ta yi musu Hausa ta nemi a kawo tafinta, don wasu wuraren sukan ce sai da harshen da mai rubutu ke ji.

Abu na ƙarshe zai yi miki ɗaci, amma na ga bambancinsa da idona. Uwar da ta ce "haka ake yi a garinmu, ban yi laifi ba" takan daɗe ba ta ga 'ya'yanta a gida ba. Wadda ta ce "na gaji, na yi fushi, na ji masa ciwo, ba zan sake ba, ku nuna mini wata hanya," ta shiga ajin tarbiyyar da suka tura ta, ita ce na fi ganin an mayar wa. Kuma Malam na Kano ya yi haƙuri, mu duka mun sha bulala, amma yaron nan tambayar da ya yi ita ce ko shi ya jawo. Amsar da yake bukata daga bakin uwarsa ita ce a'a, a gaban mai rubutun, da babbar murya.

'Yar Jos

Anti, ni ban san doka kamar su Malam Tafinta ba, amma na zauna a ciki. Ina shekara goma sha ɗaya wata mata 'yar unguwarmu ta karɓe ni daga hannun mahaifiyata, wai za ta sa ni makaranta a Ingila. Ba dangin jini ba ce. Daga baya na san cewa a can in yaro bai kai 16 ba, ya zauna kwana 28 a hannun wanda ba kaka ba, ba yaya ko ƙane ba, ba kawu ko gwaggo ko inna ba, dole a sanar da hukuma. Ita ba ta sanar ba. Makaranta kam ta sa ni, amma wanke-wanke da rainon 'ya'yanta uku a kaina suke, ina gyangyaɗi a aji. Ina sha uku aka ɗauke ni.

Gida huɗu na zauna cikin shekara biyar. Sau biyu a baƙar ledar shara aka zuba kayana aka kai ni gida na gaba, wannan ledar har yau ba na son ganinta. Gida na uku wata tsohuwa ce 'yar Jamaika, Kirista mai zuwa coci duk Lahadi. Azumin farko da na yi a wurinta ta sa agogo, ta tashi ƙarfe uku na dare ta soya mini ƙwai, ta zauna da rigar barcinta tana kallona har na gama. Ita ta sayo mini darduma. Da ba ta kamu da ciwo ba da a wurinta zan ƙare, don yanzu ana barin yaro ya ci gaba da zama da mai riƙonsa har 21. Gida na huɗu kuwa ba wanda ya zage ni, ba wanda ya dake ni, amma ba wanda ya taɓa tambayata me ke damuna. Sai da na kai 18 na gano ba a gyara mini takardun zama ba, na yi shekara biyu ba karatu ba aiki. Don haka ku sa lauya ya tambayi maganar takardun yaran tun yanzu.

Abin da ya fi ci mini rai ba gidajen ba ne. Shekara biyar ba wanda ya neme ni daga gida. Na ɗauka sun yafe ni. Ashe matar ce ta ce musu na gudu na bi duniya, mahaifiyata kuma kunya ta hana ta bincike. Hausata ma sai da ta kusa tafiya, sai da na fara waya da ita daga baya ta dawo. Yaron da ke hannun hukuma yana lissafin wanda ya tambaye shi. Ki rubuta wa Abba wasiƙa, ki sa hotonki da na kakarsa da na gidanku, ki aika ta hannun ma'aikaciyarsu. Ki roƙi a ba ki damar kiran bidiyo ko sau ɗaya a wata. Ko ba a ba ki riƙonsu ba, ya san an neme shi.

Yaya Babba, Zariya

Allah ya saka muku da alheri, ya rufa muku asiri duniya da lahira. 'Yar Jos, na karanta naki sau uku, na yi kuka.

Jiya bayan la'asar na zaunar da Hajiya na gaya mata. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce a kira mata surukin nata. Ban san me ta ce masa ba, don ta sa na fita, amma da daddare shi da kansa ya kira ɗan baffansa da ke Bradford, mai mata da 'ya'ya biyu, kuma sun amsa za su karɓi yaran in an yarda. An ba ma'aikaciyar sunansa da nawa yau da safe. Ƙanwata ta samu lauya, za su zauna ranar Alhamis, ta kuma nemi a mayar da ita aikin rana. Wasiƙar Abba na rubuta, Hajiya ta sa an ɗauke ta hoto a gindin mangwaron da ya saba hawa.

Hajiya Mai Riƙo, tambaya ɗaya ta rage. Ganawar gobe awa ɗaya da rabi ce. Za a bar ta ta shiga da mataji da man kaɗe ta yi wa Ummi kitso a wurin?

Hajiya Mai Riƙo

Ta kira su yau ta sanar, ban taɓa ganin an hana ba. Ta yi mata manya guda shida ko takwas don lokaci ya isa, ta sa Abba ya zauna kusa yana miƙo mata man. In an tashi ta bar matajin da sauran man a jakar yarinyar, da 'yar takarda ga mai riƙon cewa a ɗaura mata ɗankwali in za ta kwanta.